BABI NA TARA: HAUSA DA ILIMIN FASAHA: SAITIN WUTA A INJIN MOTA

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin karin harshen rukuni, inda aka nuna cewa kowace sana'a tana da keɓaɓɓun kalmomin da masu yin ta suke fahimtar juna da su. A wannan babi za a ɗauki sana'a guda, wato kanikanci, a kuma ɗauki aiki guda daga cikinta, wato duba saitin wuta da daidaita shi, wanda makanikai suke kira taimin. Dalilin zaɓen wannan aiki shi ne, sau da yawa akan ji ana cewa Hausa ba za ta iya ɗaukar bayanin kimiyya da fasaha ba. Amsar wannan magana ba ta gardama ba ce. Amsarta ita ce a ɗauko batu mai sarƙaƙiya a warware shi da Hausa har mai karatu ya gane. Sai dai akwai sharaɗi: wanda bai fahimci abu ba, ba zai iya bayyana shi da kowane harshe ba. Saboda haka za a fara da aikin kansa, sa'annan a dawo kan kalmominsa.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar saitin wuta da dalilin da ya sa ake yin sa;
(b) jera matakan duba shi da daidaita shi cikin daidaitacciyar Hausa;
(c) nuna hanyoyin da Hausa ta bi wajen samar da kalmomin kanikanci;
(d) shirya darasin rubutun bayani daga wata sana'a da ke kusa da makarantarsa.

9.2 Muhallin Nazari

Birnin Kano yana da manyan unguwannin masana'antu, waɗanda suka haɗa da Bompai, wadda ta fi daɗewa, da Sharaɗa mai kashi uku, da kuma Calawa wadda ta yi fice da masana'antun jima. Duk inda masana'anta ta kafu, motoci sukan biyo ta: na ɗaukar kaya da na jigilar ma'aikata da na 'yan kasuwa. Inda motoci suka taru kuwa, gareji yakan tsiro. Wannan ne ya sa mai nazarin harshe zai sami abin da yake nema a garejojin da ke Sharaɗa da kewayenta, da kuma kasuwar Ƙofar Ruwa inda ake sayar da kayan gyara. A irin waɗannan wurare maigida yakan koya wa yaransa aiki da Hausa tsantsa, ba allo ba littafi, yaro kuma ya fita ya zama gwani.

Motar da ta horar da makanikan Arewa da yawa ita ce Peugeot 504, wadda Hausawa suke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma a 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Irin wannan mota tana da kafireto da distirbito, kuma da hannu ake daidaita wutarta. A kanta da ire-irenta za a gina bayanin da ke tafe.

9.3 Yadda Injin Fetur Yake Aiki

A cikin inji akwai silinda, wato rami mai siffar gwangwani, a cikin kowace silinda kuma akwai fistin da ke hawa da sauka. Fistin yana haɗe da wani sandan ƙarfe mai gwiwoyi da ake kira kiranshaf, wanda ke mayar da hawa da saukar fistin su zama juyi. Juyin nan ne yake isa ga ƙafafun mota. Tsarin da yawancin motoci suke bi shi ne wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a 1876, mai matakai huɗu:

1. Zuƙa: fistin ya sauka, bawul ya buɗe, iska gauraye da fetur ta shiga.
2. Matsa: bawul ya rufe, fistin ya hau, ya matse cakuɗen.
3. Ƙuna: fulogi ya ba da tartsatsi, cakuɗen ya kama, ƙarfinsa ya tunkuɗa fistin ƙasa.
4. Fitarwa: fistin ya sake hawa, ya kori hayaƙi ta salansa.

Kafin waɗannan matakai su cika, kiranshaf yakan yi juyi 2, wato digiri 720. Mataki na uku ne kaɗai yake samar da ƙarfi, sauran ukun hidima suke yi masa. A inji mai silinda 4, silindojin ba sa kamawa tare. Bi da bi suke yi, yawanci a kan jerin 1-3-4-2, tamkar mata masu lugude a turmi ɗaya. Kowa ya san abin da ke faruwa idan wata ta saki taɓaryarta kafin lokaci ko bayansa: taɓare su yi karo, daka ya ɓaci.

Tartsatsin kuwa daga batir yake farawa. Batir yana ba da wuta mai ƙarfin bolt 12, kwayil ya ɗaga ta zuwa dubban bolt, distirbito kuma ya rarraba ta ga fulogai ɗaya bayan ɗaya. A cikin distirbito akwai wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa da ake kira kwantak. A daidai lokacin da suka buɗe ne tartsatsi yake fita. Wannan tsari na batir da kwayil Ba'amurke Charles Kettering ne ya inganta shi, aka kuma fara sa shi a motocin Cadillac a 1910.

9.4 Ma'anar Saitin Wuta

Saitin wuta shi ne ƙayyade lokacin da fulogi zai ba da tartsatsi, gwargwadon inda fistin yake a cikin silinda. Wurin da fistin yake kaiwa ƙarshen hawansa za mu kira shi ƙololuwa. Mai tunani zai zaci cewa a daidai ƙololuwa ya kamata tartsatsi ya fita. Ba haka ba ne. Cakuɗen iska da fetur ba ya ƙonewa nan take, yana buƙatar ɗan lokaci kafin wutar ta game shi. Don haka ake kunna shi tun fistin bai kai ƙololuwa ba, domin cikakken ƙarfin ƙunar ya riski fistin jim kaɗan bayan ya fara sauka. Haka maharbi yake yi wa tsuntsu mai tashi: ba ya auna inda tsuntsun yake, sai inda zai kai.

Ana auna wannan rigaye da digirin juyin kiranshaf. A yawancin tsofaffin injuna, idan mota tana tsaye injin yana juyi a hankali, abin da makanikai suke kira silo, tartsatsi yakan fita tsakanin digiri 5 zuwa 12 kafin ƙololuwa. Kowane inji yana da adadinsa, wanda masu ƙera shi suka rubuta a littafin motar ko a wata takarda da ke manne a ƙarƙashin bonet. Wannan adadi ne abin bi, ba na wata motar ba.

Idan gudun inji ya ƙaru, dole rigayen ya ƙaru. Ga misali da lissafi. A ƙaddara ƙunar tana buƙatar kashi 2 cikin 1,000 na sakan. Injin da ke juyi 800 a minti yana cin digiri 4,800 a sakan, don haka a wannan ɗan lokaci zai ci kusan digiri 10. Idan ya kai juyi 3,000 a minti kuwa, yana cin digiri 18,000 a sakan, wato digiri 36 a daidai wannan lokaci. Saboda haka aka sa wa distirbito na'urori biyu masu ƙara rigaye da kansu. Ta farko wasu 'yan nauyaya ne da ke buɗewa idan juyi ya yi sauri. Ta biyu wani ɗan gwangwani ne a gefen distirbito, wanda siririn tiyo ya haɗa shi da kafireto, yana aiki da zuƙar iskar inji. Abin da makanike yake daidaitawa da hannunsa shi ne tushen saitin, wato na silo. Idan tushe ya karkace, duk abin da aka ɗora a kansa ya karkace.

9.5 Alamomin Ɓacin Saiti

Saiti yakan ɓaci ta fuska biyu.

Idan wuta ta yi gaba, wato tartsatsi ya fita da wuri fiye da kima, ƙunar takan tari fistin yana kan hawa. Alamominta su ne: mota ta riƙa wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman wajen hawan tudu ko in an yi mata lodi, kik ya riƙa nauyi wajen tayarwa kamar batir ya yi sanyi, inji ya riƙa zafi. In aka yi sakaci, fistin yana iya ƙonewa ko ya huje.

Idan wuta ta yi baya, wato tartsatsi ya makara, fistin ya riga ya yi nisa kafin ƙarfin ya same shi. Alamominta su ne: mota ta yi nauyi, a taka totur ta ƙi ja, ta riƙa shan mai, salansa ta yi zafi ƙwarai, wani lokaci har ta riƙa harbi, ruwan lagireto ya riƙa tafasa.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai neman abinci da mota. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya zama babban nauyi a kan direba. Motar da wutarta ta yi baya tana ƙona kuɗin mai ita a kowace tafiya, wadda wutarta ta yi gaba kuma tana cin injinta a hankali.

9.6 Matakan Dubawa da Daidaitawa

Kayan aikin su ne: fitilar taimin, da sifana, da alli, da ma'aunin tazara, da littafin motar. Fitilar taimin fitila ce mai walƙiya sau ɗaya duk lokacin da fulogi ya ba da tartsatsi, ta yadda abin da ke juyi zai bayyana ga ido kamar a tsaye yake.

1. A tayar da inji ya ɗumama, sa'annan a kashe shi. A cire giya, a ja birkin hannu.
2. A duba fulogai da kwantak tukuna. Tazarar kwantak a yawancin irin waɗannan motoci ba ta wuce kusan milimita 0.4 ba. In ta faɗaɗa wuta takan yi gaba, in ta ƙuntata takan yi baya. Wanda ya saita wuta kafin ya gyara kwantak ya yi aikin baban giwa.
3. A nemo alamar saiti. Wata 'yar tsaga ce a jikin fulin kiranshaf, ko a jikin faifan da ke bayan inji, da kuma ma'auni mai lambobi a kusa da ita. A goge su, a shafa wa tsagar alli.
4. A maƙala wayoyin fitila biyu a batir, ja a kan mai alamar tarawa, baƙa a kan mai alamar ɗebewa. Ta ukun a maƙala ta a wayar fulogin silinda ta 1. A lura cewa a injunan Peugeot na da, daga ɓangaren kuloci ake fara ƙirga silinda. Amma a inji mai silinda 4 a jere, fistin na 1 da na 4 tare suke kaiwa ƙololuwa, don haka kowannensu zai nuna alamar.
5. A zare siririn tiyon da ke jikin distirbito a toshe bakinsa, in dai littafin motar bai ce a bar shi ba.
6. A tayar da inji a bar shi a silo, a haska alamar. A karanta lambar da tsagar ta tsaya a kanta, a gwada da adadin littafi.
7. Idan sun saɓa, a sassauta notin da ya riƙe distirbito, kada a cire shi. A juya jikin distirbito a hankali. Juya shi kishiyar inda rotarsa take juyawa yana kai wuta gaba, juya shi tare da ita yana mayar da wuta baya. Distirbito yana juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na kiranshaf, saboda haka motsin digiri 1 a jikinsa digiri 2 ne a inji.
8. Da alamar ta zo daidai, a ɗaure notin, a sake haskawa, domin ɗauri yakan gusar da saiti.
9. A ɗan ƙara totur ana haskawa. Ya kamata alamar ta matsa gaba. In ba ta motsa ba, na'urar ƙara rigaye ta cije.
10. A mayar da tiyo, a fita gwaji a kan hanya, a saurari inji wajen hawa.

Inda babu fitilar taimin, akan yi amfani da ƙaramin ƙwan fitila mai bolt 12. Akan juya inji da hannu har tsaga ta zo kan lambar da ake so, a haɗa ƙwan tsakanin wayar kwantak da jikin mota, a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, sa'annan a juya distirbito har ƙwan ya kama. Kamawarsa ita ce shaidar buɗewar kwantak. Akwai kuma makanikan da suke saiti da kunne kawai. Gwani yakan kusanci daidai, amma kunne ba ya ƙirga digiri, kuma gani ya kori ji.

Gargaɗi: fanka da bel suna juyi kusa da hannun mai aiki, kuma walƙiyar fitila tana iya sa su zama kamar a tsaye. Kada a yi wannan aiki da babbar riga ko rawani ko hannun riga mai reto. Kada a kama wayar fulogi inji yana aiki. Kada a tayar da inji a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa yana kisa.

9.7 Motocin Zamani

Bayanin da ya gabata bai shafi yawancin motocin da ke kan titi a yau ba. Daga shekarun 1980 zuwa 1990 masu ƙera motoci suka riƙa barin kwantak da kafireto, daga baya suka bar distirbito ɗungurungum. Yanzu wata 'yar kwamfuta ce, wadda makanikai suke kira ƙwaƙwalwar mota, take ƙayyade lokacin tartsatsi. Tana samun labari daga na'urori masu jin juyin kiranshaf da zafin inji da ƙarar da aka ambata a 9.5, ta gyara saiti da kanta. A irin wannan mota babu notin da za a sassauta. Sai dai a jona na'urar bincike a karanta abin da kwamfutar take gani. Tun daga 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can mahaɗar bincike iri ɗaya, kuma da yawa daga cikinsu suna shigowa Nijeriya a matsayin na hannu. Duk da haka ƙa'idar ba ta sauya ba: tartsatsi kafin ƙololuwa, rigaye gwargwadon gudu.

9.8 Nazarin Kalmomin

Idan aka dubi kalmomin da aka yi amfani da su, za a ga Hausa ta bi hanyoyi huɗu.

(a) Aro da hausancewa. Mafi yawansu daga Ingilishi aka aro su, aka sa su bin tsarin sautin Hausa. Sautin /p/ ya koma /f/, kamar a fulogi da fistin da fuli da Fijo. Sautin /v/ ya koma /b/, kamar a bawul. Da yake gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, sai aka saƙala wasali a tsakaninsu, kamar a birki da kuloci da silo da sifana. A kalmar lagireto kuwa, /r/ ta farko ta koma /l/.

(b) Sake fasalin kalma. An aro makanike, sai Bahaushe ya ji farkonta ya yi kama da ɗafa-goshin ba- na Bakano da Bakatsine. Daga nan aka sami bakanike, jam'i kanikawa, sana'ar kuma kanikanci. Wannan shaida ce cewa kalmar ta zama 'yar gida.

(c) Faɗaɗa ma'ana. Kalmar wuta tana nufin harshen wuta, da lantarki, da hasken fitila, da tartsatsin fulogi. Haka nan mota tana shan mai, tana ja, tana harbi, batir yana yin sanyi.

(d) Harɗantawa. Misali: baƙin mai, birkin hannu, ƙwaƙwalwar mota, saitin wuta.

Akwai kalmomi biyu da ke buƙatar kulawa. Ta farko ita ce taimin. A gareji tana nufin saitin wuta, tana kuma nufin bel ko sarƙar da ke daidaita buɗewar bawul da juyin kiranshaf. A dubi wannan misali:

Mai mota: Sannu da aiki, Oga. Motar nan ta ƙi ja, ga shan mai.
Makanike: Sannu Alhaji. Da alama taimin ne.
Mai mota: To, nawa ake sayar da shi?
Makanike: A'a, ranka ya daɗe, ba na saye ba ne. Wutar ce ta yi baya, juya distirbito kawai za mu yi.

Alhaji ya ɗauki ma'ana ta biyu, makanike yana nufin ta farko. Da bai yi tambaya ba, da ya tafi Ƙofar Ruwa ya sayo abin da ba a buƙata. A baka tambaya takan warware irin wannan, amma takarda ba ta amsa tambaya. Shi ya sa a rubuce ya kamata a bambance saitin wuta da saitin bawul.

Ta biyu ita ce nokin. A littattafan injiniyoyi asalin kalmar yana nufin ƙarar nan mai kama da tsakuwa a gwangwani. A Nijeriya kuwa, in aka ce inji ya yi nokin, ko inji ya buga, ana nufin ya lalace ya cije. Mai fassarar da bai san wannan ba zai mayar da gargaɗi ya zama ta'aziyya.

9.9 Abin Lura ga Malami

Malamin Hausa ba makanike ba ne, amma shi ne zai koya wa yara rubuta bayani. Masana sun yi aiki a kan kalmomi, tun daga ƙamusun Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar a 2006. Sai dai harshen sana'a yana gaba, ƙamus yana bin sa a baya. Don haka ana ba malami shawara kamar haka:

1. Ya je wurin masu sana'a ya ga aikin da idonsa kafin ya shiga aji.
2. Ya fifita kalmar da masu sana'ar suka saba da ita. Kada ya ƙirƙiri sabuwa sai inda babu, ko inda wadda ake da ita take kawo ruɗani.
3. Ya bayyana kowace baƙuwar kalma a wurin da ta fara fitowa.
4. Ya nuna wa ɗalibai cewa a rubutun matakai jeri yana cikin ma'ana. In mataki na 7 ya riga na 2, aikin ya ɓaci ko da kowace jimla daidai take.
5. Ya girmama yaran da ke zuwa gareji bayan an tashi daga makaranta. A wannan darasi suna da abin da za su koya wa ajin, har da shi kansa.

9.10 Kammalawa

A wannan babi an bayyana cewa saitin wuta shi ne ƙayyade lokacin tartsatsi dangane da matsayin fistin, an kawo alamomin ɓacinsa da matakan gyara shi, an kuma nazarci kalmomin da Hausa ta tanada domin aikin. An ga cewa kalmomin suna nan a bakin masu sana'a. Abin da ya rage shi ne a tattara su, a tace su, a rubuta su bisa ƙa'ida, wannan kuwa aikin malamin Hausa ne.

9.11 Tambayoyi

1. Me ya sa ake ba da tartsatsi kafin fistin ya kai ƙololuwa?
2. Injin da ke juyi 1,500 a minti, digiri nawa zai ci a kashi 2 cikin 1,000 na sakan?
3. Kawo alamomi uku-uku na wutar da ta yi gaba da wadda ta yi baya.
4. Yi bayanin sauye-sauyen sauti da aka samu a kalmomin fulogi da bawul da kuloci.
5. Ziyarci gareji mafi kusa da kai, ka tattaro kalmomi 20, ka rarraba su bisa hanyoyi huɗu da aka kawo a 9.8.
6. Zaɓi aiki guda daga ɗinki ko ƙira ko jima, ka rubuta matakansa yadda ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare zai iya bi.